Hasashen Damina: Gwamnati Ce Ya Kamata Ta Fara Aiki da Shi

A farkon kowace shekara, yawanci a watan Janairu ko Fabrairu, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan fitar da hasashenta na damina mai zuwa. A ciki akan faɗi lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowane yanki, da lokacin ɗaukewarsa, da tsawon damina, da yawan ruwan da za a samu, da kuma wuraren da ake fargabar ruwa zai tsaya na kwanaki bayan an yi shuka. Bayan haka hukumar NIHSA, mai lura da koguna da sauran albarkatun ruwa, takan fitar da nata rahoton, inda take jera ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Ana yin taro, ana jawabai, jaridu su ɗauka, sannan idan kaka ta zo da asara sai a ji manya suna kokawa cewa manoma ba sa jin gargaɗi. Ni dai ban yarda da ɗora wa manomi wannan laifi ba. A ganina, abin da ya hana hasashe yin tasiri a ƙauyukan Kano da Jigawa shi ne ana kai wa manomi labari ba tare da an ba shi abin da zai yi da labarin ba, kuma hukumomin da suka fi shi ikon yin aiki da hasashen su ne suka fi shi yin watsi da shi.

Kafin a zargi manomin Gumel ko na Gaya da jahilci, ya kamata a tuna cewa duban damina ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Har yau akwai dattawa da malamai da ke riƙe da lissafin taurarin damina, daga Haƙa'a da Hana'a da Zira'a har zuwa Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowanne da kwanakinsa goma sha uku ko kusa da haka, kowanne da halin ruwan da aka san shi da shi. Ana lura da zuwan shamuwa, da juyawar iska daga ta arewa maso gabas zuwa ta kudu maso yamma, da irin zafin da ke hana barci a ƙarshen bazara. Mafi muhimmanci kuma, tsarin nomansa kansa martani ne ga rashin tabbas na sama. Yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya domin idan ɗaya ya gaza wani ya tsira, yana yin binne a jigawa domin ya ci moriyar ruwan farko, yana raba irinsa tsakanin gonar tudu da ta fadama. Mutumin da ya shekara da shekaru yana irin wannan lissafi bai ƙi ilimin yanayi ba. Yana auna sabon bayani ne da ma'auni mai tsauri, domin idan ya kuskure babu albashin da zai rufa masa asiri.

Abin da kimiyya ta ƙara a kan wannan sani na gado yana da girma, kuma ba na raina shi. Daminarmu tana zuwa ne idan iska mai danshi daga tekun Atlantika ta tura busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, kuma ƙarfin wannan turawa yana da alaƙa da ɗumin ruwan teku, har da na tekun Pasifik mai nisa, inda yanayin da ake kira El Nino kan zo sau da yawa tare da ƙarancin ruwa a yankin Sahel. Babu dattijon da zai iya ganin wannan daga bakin gonarsa, amma tauraron ɗan'adam da kwamfuta suna gani watanni kafin damina. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da gargaɗin wata uku zai iya tsirar da shi na dabbobi da hatsi da mutunci. Sai dai wannan ilimi yana da iyaka wadda ba a cika faɗa wa jama'a ba. Hasashen damina magana ce ta yiwuwa, ana cewa ruwan bana ya fi kusa da ya wuce yadda aka saba, ko ya zo daidai, ko ya gaza, kuma maganar ta shafi faffaɗan yanki ne. Ruwanmu kuwa hadarin gabas ne ke kawo shi, wanda kan zuba a wannan ƙauye ya tsallake na gaba da shi. Tsakanin Doguwa a kudancin Kano, inda ruwan shekara kan haura milimita 1,000, da Maigatari a bakin iyakar Nijar, inda yakan tsaya wajen rabin hakan ko sama kaɗan, akwai damina iri-iri, kuma ko a cikin ƙaramar hukuma ɗaya ba rana ɗaya ake shuka ba.

Batun zaman ruwa ya isa misali. Masana aikin gona a yankin Sahel sukan ce damina ta zauna idan an samu ruwa kimanin milimita 20 a cikin kwana uku, kuma ba a samu tsayawar ruwa da ta wuce mako guda ba a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Ke nan ba a iya tabbatar da cewa ruwan da ya sauka jiya ruwan shuka ne na gaskiya sai bayan wata guda, alhali manomi dole ya yanke shawara da asubar yau, tun ƙasa tana da laima. Idan aka ce masa a rediyo ruwa zai zauna a yankinsa ranar kaza ga Yuni, shi rana ya ji, bai ji cewa akwai sassaucin kwanaki gaba da baya ba. Idan ya jira ranar, maƙwabcinsa da ya bi ruwan farko ya yi sa'a geronsa ya kama, to an rasa amincewar wannan manomi da ta duk waɗanda ke zama da shi a dandali na shekaru masu yawa. Haka nan idan aka ce ruwan bana zai yi yawa, shi albarka ya ji, alhali ruwa mai yawa yana iya zuwa a dunƙule cikin marka, bayan an sha fari a Yuli. Laifin a nan na mai isar da saƙo ne, wanda ya mayar da yiwuwa ta zama alkawari. Bahaushen da ke cinikin shanu a kasuwar Wudil ya san ma'anar a ce abu zai yiwu sau shida cikin goma. A faɗa masa haka kai tsaye, zai fahimta, kuma idan sauran huɗun suka faɗo a kansa ba zai ce an yi masa ƙarya ba.

Akwai kuma masu cewa addini ne ya hana mutanenmu karɓar hasashe, tunda sun yi imani Allah kaɗai ya san gaibu kuma shi ke saukar da ruwa. Wannan imani gaskiya ne kuma yana nan daram, amma ban ga ya hana kowa gyara rufin ɗakinsa idan bazara ta ƙare ba. Abin da hadisi ya yi hani da shi shi ne a jingina saukar ruwa ga tauraro, kamar shi ne mai bayarwa. Duban alamu da yin tanadi kuwa, labarin Annabi Yusuf da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari ya ishi kowa hujja. Inda matsala take tasowa shi ne idan mai karanta hasashe ya yi magana da gadara, kamar ruwan a aljihunsa yake. Limamin Juma'a da aka zaunar aka yi masa bayani cikin girmamawa zai iya isar da gargaɗin ambaliya fiye da kowace takarda, kuma babu saɓani tsakanin fita roƙon ruwa da jinkirta zuba taki har ruwan ya dawo.

Yanzu mu ɗauka cewa saƙon ya isa daidai, an fahimce shi, an kuma gaskata shi. An gaya wa wani magidanci a ƙasar Gumel cewa daminar bana za ta makara kuma za ta ɗauke da wuri. Shawarar da ke biyo baya sananniya ce, wato ya shuka iri mai saurin nuna, kamar geron Sosat da ke kai wa cikin kwana 90 ko kusa da haka, da wake ɗan wuri, ya rage dogaro da farafara ko ƙaura masu jiran ƙarshen damina kafin su fitar da kai. To, a ina zai samu irin? Abin da ke rumbunsa shi ne wanda ya ware daga girbin bara, kuma a watan Mayu, lokacin da abinci ya fara ja baya a gida, ba shi da rarar kuɗin da zai je Kano ko Haɗeja neman ingantaccen iri, wanda ma idan ya samu a kasuwa ba shi da tabbacin ba gauraye ba ne. Cibiyoyin bincike irin su IAR ta Samaru, da IITA da ICRISAT da ke da ofisoshi a Kano, da cibiyar binciken noman busassun yankuna ta Jami'ar Bayero, sun yi aiki mai yawa a kan irin da ke jure fari. Amma tsakanin filin gwaji da hannun manomi akwai tafiya mai nisa, kuma hasashe ba ya rage ta ko da taƙi ɗaya. Wanda aka ba shi labari alhali ba shi da zaɓi na biyu, kamar wanda aka ce masa gada ta karye ne, shi kuwa hanyar garinsu ɗaya ce. Zai bi ta, ba don bai ji ba.

Wannan ne ya sa nake ganin an fifita hasashen shekara fiye da kima, an bar na gajeren lokaci a baya, alhali shi ne ya fi dacewa da ƙarfin talaka. Sanin cewa akwai yiwuwar ruwa mai ƙarfi gobe ko jibi ba ya buƙatar a sayi komai, yana buƙatar a sauya ranar aiki ne kawai. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashin taki da na sufuri suka yi tashin gwauron zabo, buhun yuriya ya zama dukiya, kuma wanda ya watsa shi da yamma ruwa mai ƙarfi ya wanke shi da dare ya yi asarar da ba zai mayar ba a wannan damina. Haka wanda ya fesa wa wake magani ruwa ya biyo baya. Haka mai riɗin da ya yanke ya jingina a gona, da mai gyaɗar da ya tuge ya baza, waɗanda ruwan ƙarshen Satumba ko na Oktoba kan lalata musu amfanin da suka riga suka ƙirga, ya sa gyaɗa ta yi fumfuna ta faɗi a kasuwa. Matan da ke shanyar zoɓo da kuɓewa da shinkafar da suka turara su ma aikinsu a hannun sama yake. A rani ma maganar ba ta ƙare ba, domin mai alkama a Ringim ko Kadawa yana buƙatar sanyin hunturu, kuma idan ya makara da shuka har Disamba ta yi nisa, zafin Maris zai riske ta tana cika ido. Irin waɗannan shawarwari na kwana biyu zuwa goma su ne manomi ke iya aiwatarwa da kansa, kuma a kansu ne amana ke ginuwa, tunda yana gwada gaskiyar maganar sau da yawa a damina ɗaya.

Wani abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wanda ke cin moriyar bayanin a halin yanzu. Babban ɗan kasuwa a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano yana da waya mai intanet, yana da yaran da ke karanta masa rahoto, yana da jari da ɗakin ajiya. Idan ya ji damina za ta yi gardama, ya san abin yi, sai ya aika a saye masa gero da dawa a Gujungu da Maigatari tun farashi yana ƙasa. Ban ga laifinsa ba, kasuwanci ke nan. Amma manomin da ya sayar masa bai ji abin da shi ya ji ba, kuma shi ne zai dawo a watan Agusta ya sayi hatsin nan da tsada. Bayanin da aka tara da kuɗin jama'a, idan ya tsaya a hannun masu hali kaɗai, yana ƙara faɗaɗa tazarar da ke tsakaninsu da talaka ne.

Inda hujjata ta fi ƙarfi shi ne batun ambaliya a kwarin kogin Haɗeja. Mutanen Ringim da Taura da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma ba sa buƙatar a koya musu mene ne ambaliya. A 2022, shekarar da ruwa ya kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya ya raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma gargaɗi ya fito tun kafin damina. Me mai gonar shinkafa a Auyo zai yi da wannan gargaɗi? Ba zai ɗauke gonarsa ya kai tudu ba. Ruwan da ke cinye shi yana tasowa ne daga nesa, daga kogin Kano da na Challawa, waɗanda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suke tare su, sannan ya iso inda kachala da yashi suka toshe hanyoyinsa, ya rasa mafita sai gonaki da gidaje. Kusan duk shekarar ambaliya akan yi jayayya a kan ko sakin ruwan madatsa ne ya jawo ta ko yawan ruwan sama ne, kuma wannan jayayya kanta shaida ce cewa jama'a ba su da bayanin da za su dogara da shi. Masu ikon yin wani abu da hasashen ambaliya su ne hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda za ta iya tsara yawan ruwan da take riƙewa tun kafin marka, da gwamnatocin jihohin biyu, waɗanda za su iya yashe kogi da share kachala da ƙarfafa jinga a cikin rani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jigawa ta fara sa injina a aikin share kogin, kuma abin a yaba ne, amma ya kamata aikin ya zama yana bin hasashe da kalanda, ba sai ruwa ya shigo gari ba a fara rabon tabarmi da buhunan shinkafa. Mafi ƙarancin abin da mutanen kwari suka cancanta shi ne a riƙa sanar da su matakin ruwan Tiga da Challawa a rediyo kowane mako daga Yuli zuwa Oktoba, da kuma kwana nawa ruwan ke ɗauka kafin ya iso kowane gari.

Abin da nake nema a taƙaice shi ne hasashe ya zama yana motsa kuɗi da kaya kai tsaye. Idan rahoton Fabrairu ya nuna gajeriyar damina a arewacin Jigawa, to kafin ƙarshen Afrilu iri mai saurin nuna ya kasance a shagunan Gumel da Maigatari da Ɓaɓura, a farashin da talaka zai iya, ko a ba shi bashi zuwa kaka. Takin gwamnati, wanda sau da yawa yakan iso bayan an gama maimai, a ɗaure ranar rabonsa da ranar da ake sa ran zaman ruwa. Sashen lafiya ya dubi hasashen zafi da ƙura ya shirya wa sanƙarau, ya dubi na ruwa ya shirya wa zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa. A zauna da ardo-ardo a kan lokacin da shanu za su tashi daga fadama da lokacin da za su dawo, tunda makarar damina ko saurin ɗaukewarta na cikin abubuwan da ke haɗa makiyayi da manomi a kan gonar da ba a girbe ba. Kwamishinan da bai sauya ko layi ɗaya a tsarin aikinsa saboda hasashe ba, ba shi da bakin cewa manomi ya ƙi sauya nasa.

Batun hanyar isar da saƙo ba shi da wuya kamar yadda ake nunawa. Rediyo ce har yanzu ke shiga kowane gida, har cikin ɗakin matan da ba sa zuwa taron dandali, kuma akwai gidajen rediyo a Kano da Dutse da Haɗeja da jama'a ke saurare. NiMet tana fassara taƙaitaccen hasashenta zuwa Hausa, amma fassara a takarda ba ta kai minti biyar na kowace safiya a lokaci tsayayye ba, da muryar wanda ya san noma, yana ambaton garuruwa da sunayensu. Malaman gona na KNARDA da JARDA, wato hukumomin raya aikin gona na Kano da Jigawa, sun yi kaɗan, da yawansu kuma sun kusa ritaya, duk da haka su ne za su iya zama da manomi su ce, "Baba, tunda ga abin da aka ce, ga gonarka ta tudu ga ta fadama, yaya kake ganin za mu raba irin?" Saƙon waya ba zai yi wannan tambaya ba, balle ya saurari amsa.

Sai kuma batun awo, wanda shi ne ya fi sauƙin kuɗi kuma aka fi sakaci da shi. Kano tana da tarihin awon ruwa na fiye da shekara 100, amma tasha ɗaya a birni ba za ta faɗi abin da ya sauka a Sumaila ko Kunchi ba, kuma ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa sun fi ƙarfin 'yan tashoshin da ake da su. Ƙasar Mali ta fara wani shiri tun 1982, inda aka ba manoma ƙananan ma'aunan ruwa aka koya musu karantawa, suna haɗa abin da suka auna da shawarar da ake watsawa a rediyo domin su san ko ruwan ya isa shuka. Ma'aunin ruwa roba ce mai zane, kuɗinta bai kai na buhun taki ba. A kafa ɗaya a kowace makarantar firamare da ƙofar gidan kowane dagaci, a ɗora wa malami ɗaya ko ɗan dagaci alhakin rubutawa da aikawa ta waya, a riƙa ba shi ɗan abin sayen kati. Da wannan ne masu hasashe za su gyara lissafinsu ya dace da ƙasarmu, da shi ne kuma inshorar noma irin wadda hukumar NAIC ke yi za ta samu hujjar biyan wanda fari ya cinye ba tare da doguwar jayayya ba.

Littafin awon nan yana da wani amfani da hukumomi ba za su so shi ba da farko, domin zai ba ƙauye damar bin diddigin abin da aka gaya masa. A watan Nuwamba, bayan an kai amfani gida, a kira taro a fadar hakimi, jami'in yanayi da malamin gona da wakilin ƙaramar hukuma su zo, a karanta abin da aka yi hasashe a Fabrairu, a karanta abin da ma'aunin kowane ƙauye ya nuna, sannan a karanta ranar da iri ya iso da ranar da taki ya iso da ranar da aka fara gyaran jinga. Majalisun dokokin Kano da Jigawa suna da ikon mayar da wannan taro wajibi, su kuma nemi rahotonsa kafin su amince da kasafin ma'aikatar gona na shekara mai zuwa.